Juya XML zuwa shafi a burauza: wacce hanya ta cancanci lokacinka?

Mai tarin takardun XML (tsarin rubuta bayanai da alamomi) da yake son su fito a matsayin shafi a burauzar mai karatu yana da hanyoyi uku a gabansa, kuma ɗaya daga cikinsu ta kusa rufewa.

Wadda za ta rufe ita ce XSLT ɗin da ke zuwa a cikin burauza, wato harshen da ake rubuta fayil ɗin salo da shi don juya XML zuwa shafi. Sauƙinta ne ke jan mutane: ka sa layin xml-stylesheet a saman fayil, shike nan. Amma burauzoji sun tsaya a kan XSLT 1.0 ta 1999, ko da yake 2.0 ta fito a 2007, 3.0 kuma a 2017. Google ta sanar da cewa za ta cire ta daga Chrome a Nuwamba 2026, masu Firefox da Safari ma sun nuna goyon baya. Kada ka ɗora sabon aiki a kanta. Hanya ta biyu kuwa, wato rubuta komai da hannu a JavaScript ta amfani da DOMParser (abin karanta XML na cikin burauza), ta isa in fayil ɗin ƙarami ne, amma da zarar tsarin takardu ya yi rassa za ka gaji.

Ni dai hanya ta uku, SaxonJS, injin XSLT na JavaScript daga kamfanin Saxonica, nake zaɓa, kuma ba na ɓoyewa. Michael Kay, wanda ya kafa kamfanin, shi ne editan ƙa'idar XSLT 2.0 da 3.0, don haka abin ya fito daga hannun masu shi. Yana aiki da XSLT 3.0: tara bayanai rukuni-rukuni da xsl:for-each-group maimakon dabarar Muench ta zamanin XSLT 1.0 mai wahalar karantawa, sarrafa JSON (wani tsarin ajiye bayanai), har da amsa dannawar mai karatu daga cikin fayil ɗin salo. Sakamakon bai dogara da injin XSLT na kowace burauza ba, wannan kuwa babban hutu ne ga wanda ya taɓa ganin Firefox ta ƙi bin umarnin disable-output-escaping alhali Chrome ta bi. Yana da sharuɗɗa: sai ka fara harhaɗa fayil ɗin salo zuwa SEF, tsarin da SaxonJS ke gudanarwa, kuma mai karatu zai sauke ƙarin JavaScript. Kyauta ne, amma lasisinsa ba na buɗaɗɗiyar manhaja ba ne, ka karanta shi tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Akwai ƙananan kunshin JavaScript da ke iƙirarin suna goyon bayan XSLT, alhali rabin umarnin kawai suka sani. Na taɓa dogara da wani irinsu, ya yi shiru ya tsallake umarnin xsl:key, teburi suka fito babu rabin layukansu, ba saƙon kuskure ko ɗaya. Saboda haka kafin ka karɓi kowanne, gwada shi da fayil ɗinka mafi rikitarwa, ka duba ranar da aka sabunta shi na ƙarshe. A npm, ma'ajiyar kunshin JavaScript, kuma ka karanta sunan harafi bayan harafi, domin 'yan damfara na ɗora kunshi mai suna kusan iri ɗaya da na gaske. Kada kuma ka jawo fayil kai tsaye daga adireshin wani: a 2024 an sayar da polyfill.io, adireshin da shafuka ke jawo JavaScript daga gare shi, sabon mai shi ya rarraba mugun kod ga shafuka sama da 100,000. Yanzu da cire XSLT zai sa mutane neman abin cike gurbi da gaggawa, irin wannan tarko zai ƙaru. Sauke fayil ɗin daga shafin masu shi, ka ajiye a sabarka, kuma duk XML da ya zo daga waje ka tace sakamakonsa kafin ka zuba shi cikin shafi.