Zumuntar gida-gida a majami'un Damagaram: tana maganin kaɗaici kuwa?

Ba a rasa mutane a Damagaram. Daga Birni zuwa Zango kusan kowane lungu da fadarsa, ga butar shayi a kan gawayi, ga hira har dare ya raba. Duk da haka Kiristan da aka turo aiki daga Yamai, ya baro mata da 'ya'ya can kusan kilomita 900, yana iya yin sati cur ba wanda ya kira sunansa sai a wurin aiki. Haka ɗalibar da ta zo Jami'ar André Salifou, haka ma'aikacin matatar mai ta SORAZ, haka gwauruwar da 'ya'yanta suka tafi ci-rani. Saboda irinsu ne majami'u ke da hidimar da ake kira zumuntar gida-gida, wato ƙaramin taron addu'a da hira da ake yi a gidajen 'yan ikilisiya a tsakiyar sati, tare da ziyara da ke tafiya da ita. Ita muka ɗora a kan sikeli. Hukuncinmu tun daga farko: tana aiki, amma sai inda aka ɗora wa wani mutum guda, mai suna, alhakin baƙon. Inda aka ce "ai duk namu ne", ba na kowa ba ne.

Kiristanci ba baƙo ba ne a garin. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun fara aikinsu na Nijar a nan Zinder, wato Damagaram, a 1924, shekara biyu kafin Turawan Faransa su mayar da babban birni Yamai. Yau akwai ikilisiyoyin EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, da sauran na bishara, akwai kuma Katolika da ke ƙarƙashin diyosis, wato yankin bishop, na Maraɗi. Sai dai jama'ar kaɗan ce, kuma da yawa daga cikinta masu zuwa ne su tafi. Wannan shi ne ƙarfin hidimar, shi ne kuma rauninta: baƙuwar fuska ba ta ɓuya, amma wanda ya san ka bana wataƙila baɗi an canza masa wurin aiki.

Sujadar Lahadi kaɗai ba ta maganin komai a wannan fanni, gara a faɗa. Ga yadda takan kasance. Mai sanarwa ya ce baƙi su tashi tsaye. Saurayi ya miƙe, ya faɗi sunansa da inda ya fito, a tafa masa, mawaƙa su yi baiti guda na maraba. Ana rufe addu'a, rana ta take, kowa ya nufi inda ya jingine babur, mata suna kiran yara. Minti goma, farfajiya ta zama wayam, shi kuwa yana bakin ƙofa yana neman kabu-kabu. An marabce shi, ba a karɓe shi ba. Inda tsarin ke da kyau, kafin ya kai ƙofa wani dattijo ya riga ya tare shi: "Ɗana, a wace unguwa ka sauka?" "A Sabon Gari, Baba." "To, Laraba bayan la'asar Malam wane zai biyo ya ɗauke ka." A rubuta sunansa da kwatancen gidan a littafi. Kwatancen ya fi lambar waya amfani, don mutum mai jin kunya ba ya ɗaukar kiran lambar da bai sani ba, amma ba ya iya korar wanda ya yi sallama a ƙofa. Idan sati na farko ya wuce ba a je ba, da wuya a ƙara ganinsa.

Taron kansa, wanda ya fi armashi, na mutum takwas ne zuwa goma sha biyu. Ya haura sha biyar, sai ya koma ƙaramar sujada: mutum uku ke magana, saura na gyaɗa kai, mai kaɗaici ya koma gida da kayansa. Awa ɗaya da rabi ta isa. Waƙa biyu, karatun Littafi Mai Tsarki na minti goma sha biyar, sannan zagayen "yaya sati ya kasance", kowa da bakinsa, sai addu'a. Zagayen nan shi ne zuciyar abin, kuma shi ne ake fara yankewa idan shugaba mai son wa'azi ne. Mun fi ba da maki ga taron da ke kewaya gidaje bisa wanda ya kafe a gidan mutum ɗaya mai hali. Ranar da aka shimfiɗa tabarma a ɗakin hayar ɗalibi, aka sha ruwan randarsa, ranar ce ya daina zama baƙo.

Abin taɓawa ba ƙawa ba ne, shi ke riƙe mutane. Shayi ya fi komai dacewa saboda ba ya sauri: kafin a sha na ɗaya, na biyu, na uku, awa ta shuɗe, baki ya buɗe. Kwano guda na kopto, zogale da ƙuli-ƙuli da albasa, ya wadatar da mutum goma. Kowa ya sa dala hamsin an gama. Matsala na farawa ne ranar da wata uwargida ta soya kaji, don ta gaba za ta ji nauyin karɓar taro, sai ta fara cewa ba ta da lafiya. Shugaba mai hankali yakan kafa doka tun farko: ba nama, ba lemun kwalba. Kuma a garin da ruwa ke wuya kamar namu, musamman watannin Afrilu da Mayu, masu zuwa su haɗa kuɗin jarka biyu na 'yan garuwa su bai wa mai masauki. Ƙaramin abu ne, amma mutum goma na iya shanye ruwan kwana biyu na gwauruwa.

Ziyara kuwa, a nan ne muka ga aiki mafi kyau da kuma sakaci mafi ciwo. Idan aka yi rasuwa, ikilisiya ba ta da na biyu: zumuntar mata ta kwana a gidan, maza su kafa rumfa, abinci har ya yi yawa. Sati biyu, an naɗe tabarmi, shi ke nan. Alhali kaɗaicin gaske a wata na biyu da na uku yake sauka, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Tsarin da ya cancanci yabo shi ne wanda ke rubuta sunan mai takaba a jadawali na wata shida, mutum biyu kowane sati, mata ga mata. Ziyarar ba ta buƙatar dogon shiri. "Inna, ina wuni? Mun zo gaishe ki." A zauna rabin awa. A duba randa, a duba ko akwai itace ko gawayi, a ajiye tiya guda ta gero ba tare da an yi shela ba. Idan tana tsinkar zogale a sa hannu. Kada a cika ta da ayoyi. A bar ta ta ambaci mijinta, ko da labarin da ta ba da makon jiya ne.

Sai aibobi. Na farko harshe. A majami'a guda za ka tarar da masu Hausa, da masu Faransanci da suka fito daga Benin, Togo ko yammacin ƙasa, da 'yan Najeriya masu Turanci. Ana fassara wa'azi, amma ba a fassara hira. Taron gida sai ya rabu bisa harshe ba tare da kowa ya shirya hakan ba, wanda ya faɗa tsakani ya rasa tudun dafawa. Tsohuwar cuta ce. Ikilisiyar farko a Urushalima sai da ta zaɓi mutum bakwai saboda ana tsallake gwauraye mata masu jin Helenanci, wato harshen Girka, wajen rabon abinci. Maganin ma bai canza ba: a naɗa mai jin harsunan biyu, a zaunar da shi kusa da baƙon.

Na biyu ya fi muni, wato tsegumi da ke sanye da rigar roƙon addu'a. Mace ta faɗi damuwar aurenta ranar Laraba, Lahadi ta ji ana kallonta. A jama'a ƙarama magana ba ta da nisan tafiya. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai ƙara buɗe baki ba, zai ci gaba da zuwa, yana murmushi, yana cewa lafiya lau. Kafin ka saki jiki da wani taro, saurari yadda suke maganar wanda bai zo ba.

Na uku kuɗi: baiko, gudummawar gini, anko na zumuntar mata, adashi. Kowanne da dalilinsa, amma idan suka taru a kan wanda albashinsa bai zo ba, sai ya ɓuya. Akwai kuma gwauraye maza, 'yan shekara talatin zuwa sama, waɗanda sun girmi ƙungiyar matasa, zumuntar ma'aurata kuma ba ta san inda za ta ajiye su ba. Su ne aka fi mantawa. Rukunin WhatsApp bai cike wannan giɓi ba. "Amin" arba'in a ƙarƙashin hoto ba su kai sallama ɗaya a zaure ba.

Ba za a yi maganar taro a gidajen Kiristan Damagaram a tsallake 16 ga Janairun 2015 ba, ranar Juma'ar da aka ƙone majami'u a garin, iyalai suka nemi mafaka a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi suka ɓoye su. Tabon yana nan, shi ya sa wasu ke ɗari-ɗarin karɓar taro. Masu gogewa sukan sanar da mai gidan haya da maƙwabta tun da wuri, ba sa kawo lasifika ko ganga, suna tashi kafin magariba ko su dakata har a idar da salla. Taron da ke koya wa baƙo ya rufe ƙofa ga maƙwabtansa, mun rage masa maki. Maƙwabcin da ke aiko maka naman layya, wanda za ka aika wa shinkafar Kirsimeti, shi ne zai fara jin tarinka da tsakar dare, ba fasto ba.

Iyakar hidimar ita ma a san ta. Wanda ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, ya daina wanka, ko yana cewa gara mutuwa, ya wuce shayi da waƙa. A raka shi asibiti ya ga likita, a ci gaba da ziyara.

Ga wanda ya sauka garin kwanan nan: ka ba taro guda sati shida kafin ka yanke hukunci, kuma ka nemi aiki tun sati na biyu, ko jera benci ne, ko hura gawayin shayi, ko ɗauko Inna a babur. Wanda ke riƙe da butar shayi, ranar da bai zo ba kafin ruwa ya tafasa an aika yaro ya dubo shi.