Ƙaramin shagon littattafai na wajen Ƙofar Doka

Duk malamin tarihi da ke Zariya ya kamata ya leƙa wannan shago. Ƙarami ne, ko allon suna babu, amma dattijon da ke tsaronsa ya karanta abin da yake sayarwa, kuma a wurina wannan ya fi komai.

Darasin da zan koyar a sakandare ne ya kai ni: aƙidar sarakunan Turai cewa Allah ne ya naɗa su, don haka babu mai tuhumarsu sai Shi. Sarki James na Scotland ya rubuta haka a 1598, kafin ya hau gadon Ingila. Ɗansa Charles ya kafe a kai har aka sare masa kai a 1649. Littafin manhaja iyakarsa ke nan. Da na faɗa wa Baba buƙatata, sai ya ce, "Malam, ai malamanmu sun riga su magana kan sarauta." Ya ɗauko nasihar da Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya haɗa mini da Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu, har ya buɗe mini shafin.

A nan Shehu ya sa gadon sarauta da ƙwace ta da ƙarfi ba tare da shawara ba cikin aibobin sarakunan zamaninsa, tare da jangali da gaisuwar da ake kai wa manya. Mu ma muna cewa mulki na Allah ne, amma a wurin waɗannan malamai sarki yana ƙarƙashin shari'a, alƙali na iya faɗa masa gaskiya. Da wannan hujja Malam Musa ya karɓo tutar jihadi daga wurin Shehu ya shigo Zazzau, ba da jinin sarauta ba. Yau kuwa sarautar tana tsakanin gidaje huɗu, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, kuma ina so ɗalibaina su yi tunanin yadda aka zo nan.

Abin da ya dame ni: Kitabul Farƙin kwafi ne, wasu layuka sun dusashe, kuma babu fassarar Hausa, sai mai Larabci. Ƙura ma ta yi yawa a kantocin sama. Baba ba ya karɓar taransifa, don haka a riƙo kuɗi a hannu. Bayan la'asar ya fi samun sukunin yi wa mutum bayani.