Adaftar G-Shock: na saka ma tawa, ga abin da na gani

Masu agogon G-Shock a garin nan na Kaduna ku matso, musamman masu DW-5600 da GA-2100. Kun san matsalar, wajen da madauri ke shiga faɗinsa milimita 16 ne kawai kuma an yi shi ne don robar kamfani, shi ya sa ko ka zagaye Kasuwar Sheikh Gumi kaf ka sayi madaurin agogo mai kyau ba zai zauna ba. Adafta ita ce maganin abin, wasu ƴan ƙananan abubuwa ne guda biyu da ake maƙalawa sama da ƙasa, sai su buɗe maka faɗin zuwa milimita 22, daga nan kowane madaurin NATO na nailan, wato dogon madauri guda ɗaya da ake zurawa, zai wuce.

Ni dai zafin Maris da Afrilu ne ya kai ni, roba in ta kwana a hannu cikin zufa sai ƙaiƙayi, nailan kuwa yana shan iska. Wallahi hannuna ya huta. Abin da ya fi burge ni ma shi ne NATO a ƙarƙashin agogon yake bi, to ko fil ɗaya, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe adafta a jikin agogon, ya fita kana kan mashin a hanyar Kawo agogonka ba zai faɗi ba, ɗayan na riƙe da shi.

Amma don Allah kar ku sayi adaftar roba mai arha ɗin nan da wasu ke tallatawa a intanet. Na farko da aka kawo min rawa take yi, fil ɗin da ya zo da ita siriri ne, da yatsa ma kana iya lanƙwasa shi. Ku nemi ta ƙarfe ko roba mai tauri, ku mayar da fil ɗin asali na agogon, ya fi ƙwari nesa ba kusa ba. Wajen sakawa kuma wurin a matse yake sosai, in ba ka da ɗan ƙarfen cire fil kar ka ɗauko wuƙa ko reza ka kankare jikin agogonka, kai shi wajen mai gyaran agogo, nan take zai gama.

Sai maganar alwala, wannan babu wanda ya faɗa min. Agogon ba ya tsoron ruwa, mita 200 aka rubuta a jikinsa, amma nailan yana jiƙewa kuma sau biyar a rana ne, in ba ka wanke shi da sabulu duk sati zai fara tsami. Sayi madauri biyu kana canzawa. Kuma agogon yana ɗan ƙara tudu, hannun kaftani mai maɓalli yana kama shi, GA-2100 da ake so don rashin kauri ta fi jin wannan.

Masu agogon Garmin da sauran agoguna masu auna bugun zuciya kuwa NATO zai rufe muku fitilar bayan agogon, ku nemi madauri mai ɓangare biyu, wanda ba ya bi ta ƙarƙashin agogon.