Hattara da masu yawo da na'ura wai suna gwajin ƙasa

Jama'a, raina a ɓace yake. Wani mai gwajin ƙasa da na'ura ne ya zo lambuna, 4.5 ya ce. A gabana ya soka na'urar a ƙasa, ya girgiza kai, ya ce "Alhaji, ƙasarka ta yi tsami, 4.5 ce, in ka dasa lemo a haka asara za ka yi." Girgiza kan nan har yanzu ina ganinsa.

Kuma kada wani ya ce ban yi tambaya ba. Na yi. Na san ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, daga 0 yake zuwa 14, 7 ce tsakiya, abin da ya gaza 7 tsami ne, yawancin itatuwan marmari kuma sun fi son 6 zuwa 7. Maganarsa ta zo daidai da abin da na sani, to me zai sa in ƙi yarda? Mai son lambunsa ai shi ke neman gwaji kafin dashe.

Na biya kuɗin gwaji, na biya kuɗin buhunan da ya kira maganin tsami. Biya biyu. Ashe garin farar ƙasa ne, wadda aikinta ɗaga pH. Da na kai ƙasata ɗakin gwaje-gwaje, sakamakon ya nuna ta haura 7 nesa ba kusa ba, ga garinsa a kai. Sabon tohon lemon ya fito rawaya fatau, jijiyoyin ganyen kawai suka rage kore, domin in pH ya hau saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe ko da yana nan. Tun kafin nan ma maƙwabcina ya ce shi ma 4.5 aka karanta masa. Ko bayan nan ne? Oho. Lambu daban, ƙasa daban, lamba ɗaya. 4.5!

Har nitrojin da fosfaras da fotashiyam, wato sinadaran taki, mutumin ya lissafa mini daga wannan sokawar, ko minti ba a yi ba. Yanzu wayarsa a kashe take. Hotunan hirarmu da takardar sakamakon suna hannuna, zan sa su, Allah ya isa.

Ku ɗebi ƙasa da kanku daga wurare daban-daban a lambun, zurfin kamar santimita 20 zuwa 30, ku gauraya, ku kai ɗakin gwaji. Wanda zai sayar muku da magani kada ya zama shi ne mai gwajin.