Faktorin ko babbar fomula, wanne za ka ɗauka a ɗakin jarrabawa?

Ƙanina da ya yi tambaya jiya da daddare, wai yana shirin WAEC kuma faktorin na ba shi ciwon kai wajen warware lissafi mai x² a ciki, ko ya haddace fomula kawai ya huta? To ga yadda nake ganinsu su biyun.

Faktorin dai neman lambobi biyu ne. Ɗauki x² + 7x + 12 = 0, waɗanne lambobi ne in ka ninka su za su ba ka 12, in ka haɗa su kuma su ba ka 7? 3 da 4 ne, shi kenan ka sa su a baka, (x + 3)(x + 4), amsa -3 ko -4, ko minti ɗaya ba a yi ba. In akwai lamba gaban x² kamar 2x² + 7x + 3 sai ka fara ninka 2 da 3 ya ba ka 6, ka nemo 6 da 1, ka raba 7x ɗin gida biyu, a ƙarshe ka samu (2x + 1)(x + 3). Wahalarsa ɗaya, wani lissafin ko kwana za ka yi a kansa ba zai fasu ba. Gwada x² + 4x + 1 ka gani.

Ita kuwa fomula, wato x = (-b ± √(b² - 4ac)) / 2a, inda a ita ce lambar gaban x², b ta gaban x, c kuma wadda take ita kaɗai, ba ruwanta, kowanne ka ba ta sai ta ci, wancan da ya gagara ma za ta ba ka -0.27 da -3.73. Amma fa tana da tsawo kuma a nan ake zubar da maki a banza. Wallahi na sha ganin yaro ya iya komai, b ɗinsa -5 ne, ya danna -5² a kalkuleta ba tare da ya sa baka ba ta ba shi -25 maimakon 25, ya kwafa haka ya ci gaba abinsa, aikin layi shida ya tafi. Abin yana min ciwo sosai.

Ni dabarata kafin in zaɓa sai in lissafa b² - 4ac. In ya fito 1, 4, 9, 25, 49 da ire-irensu, wato lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta, to zai fasu, yi faktorin. In ya fito irin su 12, ko tambayar ta ce a ba da amsa da desimal biyu, kar ka ɓata lokacinka tafi fomula kai tsaye.

Amma batun ka watsar da faktorin gaba ɗaya a'a ƙanina, ban goyi baya ba. Za a kawo maka x² - 9 a sama, x² + 7x + 12 a ƙasa, a ce ka sauƙaƙa, nan dole ka fasa kowanne, (x + 3) ya cinye (x + 3), a bar ka da (x - 3) bisa (x + 4). Ka gwada x² - x - 12 yau ka turo mu gani, ka kula da wacce lamba ce za ta ɗauki alamar ragi.