Garkuwar dunƙule da garkuwar damtse: wacce za ka sa a wasanka?

Wani ɗan uwa ya yi tambaya. Yana haɗa wasan kwamfuta, yana da samfurin (siffar 3D) garkuwar mahaya dokin Turai, mai faɗi a sama da tsini a ƙasa, yana son ya rage girmanta a Blender, manhajar ƙera irin waɗannan siffofi, ya ba sojan ƙasa a matsayin ƙaramar garkuwar nan da ake kira bakla. Malam, ban ba ka wannan shawara ba. Riƙonsu ba ɗaya ba ne, kuma daga riƙon komai ya biyo.

Bakla ba ta wuce faifai ba, yawanci santimita 20 zuwa 40. A tsakiyarta akwai tudun ƙarfe mai rami ta ciki, hannu ya dunƙule kan mariƙi guda a cikin ramin. Ba a rungume ta a ƙirji, miƙa ta ake yi gaba. Littafin koyar da takobi mai lamba I.33, wanda aka rubuta a Jamus wajen shekarar 1300 kuma yake ajiye a Leeds ta Ingila, ya nuna wani limamin coci da ɗalibinsa suna kai hannu biyu tare, garkuwar tana rufe hannun da ke riƙe da takobi. Da ita ake ture ruwan takobin abokin gaba, a danne masa hannu, in ta kama a naushe shi. Kibiya kuwa, sai dai addu'a.

Ta damtse, wato ta mahayan dokin, katako ce da aka lulluɓe da fata, ana zura hannu cikin madaurai, da wani dogon madauri na ratayawa a wuya. Ta Yarima Edward na Ingila, da ya rasu a 1376, tana nan a babban cocin Kantabari da zanen zakuna da furanni.

To a kwamfuta fa? Ita ta damtse foligon kaɗan (ƙananan fuskokin da ake gina samfuri da su) ya ishe ta, aikin yana wajen zanen tambari. Ka kula kawai kada ka yi rabi ka kwafe shi kamar a madubi don rage aiki, zakunan za su juya fuska. Ƙimar ƙarfe, wato saitin da ke sa abu ya yi kama da ƙarfe daga 0 zuwa 1, a fentinta 0 ce, in ban da ƙusoshi.

Bakla ce mai ɗan wahala. Da'ira ce, in ka ba ta gefe 12 ɗan wasa zai hango kusurwoyi. 24 zuwa 32 sun fi. In ta ƙarfe ce zalla, ƙimar ƙarfe 1, sannan ka dushe ƙyallin a baki da kan tudun, inda sara ke sauka. Abin da masu sayar da samfuri suka cika yin sakaci da shi shi ne bayanta. A wasan da kamara take bayan jarumi, hannunsa a miƙe, ke nan mariƙi da ramin ne a idon ɗan wasa kullum. Kafin ka biya kuɗi, juya samfurin ka duba. Ka kuma sa cibiyar juyawa daidai kan mariƙi, ka ɗaure ta a ƙashin tafin hannu na kwarangwal ɗin da ke motsa jarumin. Ta damtse a ƙashin sangalin hannu take zama, shi ya sa motsin da aka tsara mata ba ya shigar bakla: za ka ga tana shawagi a gefen gwiwar hannu.

In sojanka mai sauri ne, wanda sulke bai yi masa nauyi ba, gina bakla sabuwa. Silinda ɗaya da rabin ƙwallo ne farkonta. Waccan ka bar wa mahayin.