Ƙoto ko kifin roba: wanne ya fi kamu a Kogin Tweed?

Wani ɗan'uwa a cikinmu da karatu ya kai shi Gold Coast a Ostireliya ya sayi sandar fatsa, yana son ya riƙa zuwa Kogin Tweed ranakun hutu. Tambayarsa ita ce: ya riƙa sa ƙoto a ƙugiya, ko ya sayi kifin roban nan da ake sayarwa a shagunan kayan su? Kifin da yake hari shi ne wanda mutanen can ke kira dusky flathead, mai faffaɗan kai.

Ɗan'uwa, amsar tana cikin halin kifin. Ba ya yawon neman abinci. Yakan binne jikinsa a rairayi, idanu kaɗai a waje, ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, yana jiran ƙaramin kifi ko jatan lande ya gifta. Saboda haka wanda ya jefa ƙoto ya zauna wuri ɗaya, sa'a kawai yake jira. Wanda ya bi shi har inda yake kwance shi ke kamawa, kuma a nan roba ta fi.

Sandar mita 2 mara nauyi ta isa, da zaren saƙa mai ɗaukar kilo 3 zuwa 4, a ɗaura masa mita ɗaya na zaren da ba ya nunawa a ruwa, mai ɗaukar kilo 6 zuwa 8. Robar ta zama santimita 7 zuwa 10, a ƙugiya mai kan dalma giram 3.5 in ruwan bai wuce ƙugu ba, giram 7 in da zurfi ko ƙarfin gudu. Ka jefa ta wajen da ruwa ke gangarowa, ka bari ta nutse har zaren ya saki, alamar ta taɓa ƙasa. Ka ɗaga sandar sau biyu, ka bar ta ta sake sauka, ka naɗe rarar zaren. Yawanci a wannan saukar yake cafka, kuma abin da za ka ji ɗan bugu ne kawai, ko ka ga zaren ya zabura. Kuskuren sababbi biyu ne: naɗi da sauri har robar ba ta taɓa ƙasa, da soke ta a karkace, sai ta riƙa juyi a ruwa maimakon iyo. In ka yi jifa goma ba labari, ka matsa gaba taku ashirin.

Lokacin ma yana da muhimmanci. Ruwan teku na shiga kogin ya janye kusan sau biyu a cikin awa 24. Awanni biyun ƙarshe na janyewa su ne na kamu, domin ruwan da ke tsiyayewa daga tudun rairayi yana koro ƙananan kifi ta 'yan kwazazzabai, shi kuma yana kwance a bakinsu. Irin wuraren nan suna da yawa wajen Terranora, Chinderah da Fingal Head.

Ƙoto kuma fa? Dalma mai zamewa a kan zare, ƙarfen juyi mai hana zare murɗewa a ƙasanta, sai rabin mita na zare da ƙugiya. Mafi kyawunsa shi ne 'yan jatan landen rami da ake zuƙowa da famfon hannu daga rairayi in ruwa ya janye, ko ƙaramin kifi mai rai. Shi ma sai ana jan sa a hankali ko an bar ruwa ya tafi da shi. Ribarsa ita ce ba ya zaɓe: kifayen da ake kira bream da whiting duk za su ci, yara kuma ba za su gaji da jira ba. Bayan ruwan sama mai yawa, wanda a can ya fi sauka daga Disamba zuwa Maris, kogin kan yi ja ya gurɓace, kifi ya gangara wajen bakin teku. A irin wannan ruwa ƙamshi ya fi motsi aiki, ƙoto ya bar roba a baya.

Matsalar ƙoto biyu ce. Ƙananan kifi da dangin talibamban suna sace shi kafin ya kai ga wanda kake nema. Dangin talibamban ɗin ma suna gutsure wutsiyar roba, kuma guba gare su, kada a kuskura a ci. Ta biyun ta fi girma: kifin yakan haɗiye ƙoto har ciki. Kogin Tweed a jihar New South Wales yake, inda doka ta ce wanda bai kai santimita 36 ba ko ya wuce 70 a mayar da shi ruwa, kuma biyar kawai za ka riƙe a rana. Manyan nan kusan duk mata ne masu ƙwai. Roba yawanci a leɓe take kamawa, cirewa ba wuya. In da ƙoto ne, ka yi amfani da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda ke maƙalewa a gefen baki. In kuma ya riga ya haɗiye, ka yanke zaren kusa da baki, kada ka tona.

Tunda daga jihar Queensland, inda Gold Coast take, za ka tsallako, ka lura. A Queensland ba a biyan kuɗin izinin fatsa a ruwan gishiri, kuma ma'aunin santimita 40 zuwa 75 ne. A Tweed sai ka biya, ka riƙe rasit a jikinka. Haka nan tun da cutar farin tabo ta ɓulla a gonakin jatan lande na Kogin Logan a 2016 aka hana fitar da ɗanyen jatan lande da tsutsar teku daga yankin, har da Gold Coast. Ka nemi ƙotonka a gefen da za ka yi fatsar, kuma kada ka sa ɗanyen jatan landen kanti na ci a ƙugiya.

In ni ne kai, roba zan fara da ita, in ajiye ƙoto don ranar da ruwa ya yi ja ko ranar fita da iyali. Ko da wanne ka kama shi, kada ka ɗago kansa sama da ruwa yayin ja, domin girgiza kan da yake yi ne ke sa ƙananan haƙoransa su goge zaren ya tsinke. Ka sunkuyar da sandar gefe, ka jawo shi cikin koma ko ka zame shi kan rairayi. Akwai ƙayoyi masu kaifi a gefen kansa, ka riƙe shi da jiƙaƙƙen tsumma.